Mun Roƙa Sun Zo, Ina Muka Ajiye Su?



Akwai wani abu da ke faruwa a makarantunmu wanda ido ya saba da shi har ya daina ganinsa. Ranar da aka ce baƙi na tafe, ko masu duba makarantu ne ko jami'an wani shiri, tun da sassafe ake raba aiki. Malamai maza su tattara rajista da littattafan tsara darasi, su gyara zama a ofishin hedimasta. Malamai mata kuwa a tura su bayan azuzuwa, wata ta hura wuta, wata ta yanka albasa, wata ta shiga maƙwabta aron faranti. A zangon karatun da ya wuce, a ɗaya daga cikin makarantun wannan yanki, mun ga malamar da ta fi kowa daɗewa a wurin, wadda ta koya wa da yawa daga iyayen yaran riƙon fensir, tana tsugune gaban murhu. A daidai lokacin, wani matashin malami da bai cika shekara uku da karɓar takardar kama aiki ba yana zaune cikin inuwa yana yi wa baƙi bayanin yadda ake koyar da karatu a aji ɗaya, ajin da bai taɓa kwana yana tunaninsa ba. Baƙi suka yaba da abinci, suka rubuta sunan matashin cikin waɗanda za a kira taron bita, suka shiga mota suka tafi.

Babu wanda ya yi nufin mugunta a ranar, kuma malamar ba ta ce uffan ba. Mafi yawanmu da ke zama mu tsara wannan takarda maza ne, kuma mun ci irin wannan abinci ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mun daɗe muna hango na gwamnati, a kan albashi da ƙarin girma da kuɗin sallama, kuma ba za mu daina ba. Amma a wannan fitowa muna so mu duba wanda muke tsaye a kansa.

Mu fara tuna cewa roƙonsu muka yi suka zo. Duk wanda ya yi aiki a ƙauyukan ƙasar Maska ya san amsar da uba kan bayar idan aka tambaye shi dalilin cire 'yarsa daga aji huɗu ko biyar: yarinya ta fara girma, makarantar kuma babu mace ko ɗaya. Wannan kuka ne ya sa a shekarar 2008, ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF, aka fara ɗaukar nauyin 'yan mata da matan aure daga karkara su yi karatun NCE, bisa sharaɗin su koma su koyar a garuruwansu. Katsina na cikin jihohi huɗu da aka fara da su, tare da Bauchi da Neja da Sakkwato. Haka kuma tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 domin 'yan mata su kai ga kammala sakandare. Mu da kanmu mun bi masu unguwanni da limamai gida gida muna lallashin mazaje su bar matansu su tafi Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma ko ta tarayya da ke Katsina. Wasu sun tafi da goyo, sun yi shekara uku suna wanki da dare suna karatu da asuba. Magidancin da ba ya son namiji ya karɓi haihuwar matarsa, ungozomar da yake nema daga makarantar ungozoma ta Malumfashi take fitowa, kuma kafin ta kai can sai da wata malama ta riƙe hannunta a firamare, ta kuma sa ubanta ya saki jiki ya bar ta ta ci gaba.

Masu cewa koyarwar mace baƙon abu ne da Nasara ya kawo, tarihin ƙasar nan bai goyi bayansu ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albab, ya zargi malaman zamaninsa da suke tara almajirai a zaure suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan ƙyalle, alamar cewa an ba ta izinin jagoranci, ta tura ta ƙauyuka ta tattaro mata ta karantar da su. A lura da kyau: Nana ba ta tsaya ga ba su darasi kawai ba, naɗi ta yi masu a bainar jama'a, domin kowa ya san wadda ke riƙe da ragama. A nan Katsina kuwa, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wajajen 1930, aka buɗe wa 'ya'ya mata makarantar boko, tana cikin na farko a duk Arewa. Mu mutanen Maska ma muna da namu abin tunawa. Garin nan ya yi suna da saƙa da rini tun zamanin da, ana ambaton masaƙa da marina, amma zaren da aka saƙa mata ne suka gurje audugarsa suka kaɗa shi da mazari a cikin gida. Sunan tufa ya fita duniya, sunan mai kaɗi bai wuce ƙofar zaure ba. Muna tsoron kada makarantunmu su gaji wannan hali.

Wani zai ce, ai albashi ɗaya ake biya. Gaskiya ne. Mai shaidar NCE, mace ko namiji, a mataki na 07 yake farawa, kuma Tsarin Mulkin 1999 ya faɗa a sashe na 17 cewa aiki iri ɗaya lada iri ɗaya, a sashe na 42 kuma ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda jinsinsa. A kan takardar albashi ba za ka ga rashin adalcin ba. Yana ɓoye ne a wuraren da ba a rubutawa: wa ake ba shugabancin makaranta, wa ake ba mataimaki, wa ake turawa bita mai alawus, wa ake sa wa ido idan an zo neman mai kula da jarrabawa, wa ake raɗa wa cewa an buɗe damar ƙaro karatu kafin a rufe. Waɗannan su ne matakalar da malami ke hawa. Malama takan shiga aiki rana ɗaya da abokin karatunta, bayan shekara goma sha biyar ta same shi yana sa hannu a littafin tsara darasinta, ita kuma tana nan a aji ɗaya inda aka ajiye ta tun ranar farko, don an ce mata su suka iya da yara ƙanana.

Kada a fahimce mu a karkace, aji ɗaya ba wurin raini ba ne. Duk cikin firamare babu aiki mai wuyarsa. A wasu makarantunmu yara fiye da ɗari ne zaune a ƙasa, wasu ba su taɓa ganin alli ba, wani na kuka, wani na jin yunwa, wata ta zo da ƙaninta a baya. Wanda ya iya sa wannan taro ya yi shiru ya bi baƙaƙe da wasula har ya fara haɗa kalma, ya san abin da littattafan kwaleji ba su koyarwa. Abin takaicin shi ne muna amfani da wannan ƙwarewa mu daure mai ita a wuri ɗaya, sa'an nan idan kujerar shugabanci ta faɗi mu ce ba ta da gogewa a harkar mulki. Ta ina za ta samu gogewar, alhali ba a taɓa miƙa mata ko makullin sito ba?

Mun san hujjojin da ake kawowa, domin da bakinmu muke kawo su a gindin bishiya. Ana cewa mace ba za ta iya tsawata wa malamai maza ba, ba za ta iya zama da dagaci da kwamitin makaranta ba. To, mu faɗa wa juna gaskiya: hedimastoci nawa muka yi aiki a ƙarƙashinsu waɗanda ba su iya tsawata wa ko mai gadi? Da suka gaza, sunansu muka kira, ba mu ce maza sun gaza ba. Amma idan mace ɗaya ta riƙe makaranta ta yi tuntuɓe, shekara goma ana ba da labarinta a matsayin dalilin hana sauran. Kuma inda aka gwada, iyaye mata sukan shigo makaranta da ƙafarsu su faɗi abin da ba za su taɓa faɗa wa namiji ba, har da dalilan da ke hana manyan 'yan mata zuwa aji wasu kwanaki a kowane wata.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta haihuwa, kuma a nan ya kamata mu daɗe. Ana cewa malama bara ciki, bana goyo, baɗi wani cikin, ajinta kullum a wofi. Ba mu musun cewa aji na zama a wofi. Dokar Ƙwadago ta ƙasa ta tanadi mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da ɗan lokacin shayarwa sau biyu a rana idan an koma aiki. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shekarar 2000 ta ce kada hutun ya gaza mako 14. Maƙwabtanmu na Kaduna sun mayar da nasu wata shida tun 2019, daidai da shawarar likitoci ta a shayar da jariri nono zalla tsawon wata shida. Ke nan hutun haihuwa hakki ne da duniya ta sani, ba alfarma ba. Ciki kuwa ba ya zuwa kwatsam kamar haɗarin mota. Wata da watanni kowa a makaranta ya san ranar na zuwa, ba a kuma fafe gora ranar tafiya. Amma ba a taɓa tanadar wanda zai riƙe ajin ba. Sai a haɗe yaranta da na maƙwabcinta, ya wayi gari da ninkin abin da yake fama da shi, ya ji haushi, haushin kuma ya sauka a kan mai jego maimakon a kan tsarin da ya kasa turo madadi. Haka abin yake ga wadda mijinta ya rasu ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma. Mun ji inda aka bi irin wannan baiwar Allah da takardar tuhuma tun hawayenta bai bushe ba.

Sa'an nan, tun da lissafin fashi ake yi, a yi shi duka. Nan ƙasar noma ce. Daga saukar ruwan farko zuwa ɗaure buhun masara na ƙarshe, mu maza mun san sau nawa muke sa hannu a rajista mu zame zuwa gona, yau shuka, gobe zuba taki, jibi an ce masu girbi sun zo. Ga ranar kasuwa, ga lokacin siyasa. Muna rufa wa juna asiri, muna kiransa uzuri, don mun san albashi ba ya riƙe gida sai an haɗa da noma. Ba mu taɓa jin an hana wani shugabancin makaranta don yana da gonar auduga ba. Idan za a yi wa mai neman abincin gida uzuri, wadda ta haifo ɗalibin da za mu koyar nan da shekara shida ta fi cancantarsa.

Akwai kuma zancen cewa malamai mata ba sa yarda a tura su ƙauye. A nan akwai ƙamshin gaskiya, kuma ba za mu ɓoye ba. Wasu makarantun cikin garin Funtuwa sun cika da matar wane da 'yar wane, ana karo da juna a ofis, alhali makarantar da ke nesa da kwalta tana da malami biyu ga azuzuwa shida. Wannan zalunci ne, kuma waɗanda ya fi cuta su ne matan da ba su da kowa a sama, don su ake yi wa kuɗin goro a zagi. Amma kafin mu yanke hukunci mu tambayi abin da ke jiran malama a can. Kuɗin acaba zuwa da dawowa yakan cinye kaso mai tsoka na albashinta. Babu gidan malamai, kuma namiji zai iya shimfiɗa tabarma a zauren mai unguwa, ita ba za ta iya ba. A makarantu da yawa babu makewayi, ko kuma akwai shi babu ƙofa. Mun san malamai mata da ba sa shan ruwa daga asuba har a tashi, cikin zafin bazara, wasu da juna biyu, don kawai kada buƙata ta kama su. Ga kuma halin tsaro. Tun da aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, da abin da 'yan uwanmu na Faskari da Sabuwa da Ɗandume suka sha, babu magidancin da zai ga matarsa ta hau babur ta nufi hanyar daji hankalinsa ya kwanta. Wanda ke son ganin malama a ƙauye, ya fara da ƙofar makewayi da ɗakin kwana, ya kuma ɗauki 'yar garin da ta riga ta yi NCE tana zaune a gida tana jiran takardar kama aiki.

Wata magana kuma mai nauyi a baki, amma shiru a kanta ya yi yawa. Akwai masu riƙe fayil ɗin mace, na canjin wurin aiki ko na ƙarin girma, su ce ta dawo bayan an tashi, ko su nemi lambar wayarta ba don aiki ba. Yawancin waɗanda abin ya shafa ba sa faɗa, domin sun san idan magana ta isa gida, abu na farko da zai faru shi ne a ce su bar aikin. Mai wannan hali ya san haka, shi ya sa yake yi. Ƙungiyar da ba ta da ƙofar da mace za ta ƙwanƙwasa a asirce ta kai irin wannan kuka, ta bar 'ya'yanta a hannun kura.

Wannan ya kawo mu ga gidanmu. Ƙungiyar Malamai ta Najeriya ta kafu tun 1931, kuma a nan Arewa Malam Aminu Kano, wanda ya tara malamai cikin ƙungiya tun yana koyarwa, shi ne kuma ya tsaya tare da irin su Hajiya Gambo Sawaba a kan 'yancin mata, a lokacin da matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ita, sai a 1976 suka samu. Gadon da muke taƙama da shi ke nan. Amma duk wata ana cire kuɗin ƙungiya daga albashin malama daidai da na malam, sa'an nan mu sa taro bayan la'asar, mu ja shi har magariba, a wurin da sai ta hau mota biyu kafin ta koma gida, ga tukunya na jiranta. Idan ba ta zo ba mu ce mata ba su damu da harkar ƙungiya ba. Ranar zaɓe kuwa mu keɓe masu kujera ɗaya ko biyu, ta harkokin mata ko ta walwala, wato dai murhun nan ne aka sake hura masu a cikin zauren taro. A watan Maris na 2022, da Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurorin ba mata ƙarin gurbi a mulki, wasunmu sun yi tsaki. Da mun duba teburin shugabanninmu a ranar, da tsakin ya tsaya mana a maƙogwaro.

Ga iyayenmu da 'yan uwanmu mazajen malamai, muna magana da ladabi, don da yawanmu muna cikinku. Kun yi abin yabo da kuka bar su suka fito. Amma ku dubi ranarta: ta tashi kafin kiran assalatu, ta ɗora koko, ta shirya yara, ta tsaya gaban allo har azahar, ta dawo ta shiga madafa, da dare ta buɗe littattafan yara tana dubawa da hasken waya. Idan aka kira ta bitar kwana uku a Katsina, hana ta tafiya hana ta hawa matakala ne, kuma abin da za ta samu a saman matakalar cikin gidanku zai shigo. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya raka ta, ko ya haɗa ta da ɗan uwanta. Albashinta kuma dukiyarta ce, addininmu bai bar wannan a duhu ba. Abin da ta bayar da daɗin rai alheri ne. Katin cirar kuɗinta da ke kwana a aljihun wani ba da son ranta ba, sunansa daban.

Ku kuma malamai mata, yayyenmu da ƙannenmu, akwai naku. Sau da yawa idan aka ce wa zai riƙe kaza, kukan sunkuyar da kai ku ce a ba maza. Mun san kunya ado ce, mun kuma san wadda ta ɗaga hannu takan sha baƙar magana, wani lokaci daga 'yan uwanta mata. Amma yarinyar da ke zaune a gabanku tana karanta ku fiye da yadda take karanta allo. Idan duk shekarunta shida a firamare ba ta taɓa ganin mace ta tsaya gaban taron safe ta ba da umarni ba, ta riga ta koyi inda iyakarta take. Masu fakewa da goyo su yi fashin da babu dalili kuwa, su sani suna sayar da mutuncin waɗanda ke zuwa da jariri a baya su koyar har a kaɗa ƙararrawa.

Ba za mu tsaya ga faɗa ba. Muna kira ga shugabannin reshe su mayar da taronmu safiyar Asabar, a tashi kafin azahar, a wurin da mai goyo za ta iya zama. Muna so reshe ya rubuta wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma cewa duk kujerar shugaban makaranta ko mataimaki da ta faɗi a liƙa sanarwarta a fili, a faɗi sharuɗɗa, kowa ya nema, kuma duk malamar da za ta tafi hutun haihuwa a san madadinta wata guda kafin ta tafi. Muna so a zaɓi dattijai mata biyu daga cikinmu waɗanda za a riƙa kai wa kukan da ba ya faɗuwa a gaban maza, su kuma su san ƙofar da za su bi da shi. Batun abincin baƙi kuwa ba ya buƙatar izinin kowa: daga wannan zango, a ba mai sana'ar abinci ta unguwa kuɗi ta dafa, ita ma ta samu, malamai su zauna inda ake maganar aikinsu.

Kafin taro mai zuwa, muna roƙon wakilin kowace makaranta ya ɗauki takarda ɗaya ya rubuta mana malamai nawa ne maza, nawa ne mata, shekarun kowa a aiki, wa ke riƙe da wane muƙami, su wa aka tura bita a shekara biyu da suka wuce, da kuma ko akwai makewayin malamai mata mai ƙofa. Za mu tattara mu buga abin da muka samu a fitowa ta gaba, makaranta bayan makaranta, ba tare da sunan kowa ba. Wakilin kuma kada ya zo shi kaɗai, ya taho da malamar aji ɗaya.